Ruwa a Cikin Baƙin Mai

Laraba, 1 ga Yuni 1994, bayan la'asar

Yau Gwaggo ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Gwaggo ita ce taraktar gidanmu. Baba ya saye ta a gwanjo lokacin da ya bar aikin tuƙi a gidan gona na gwamnati. Ta girmi ƙanina Mati, kuma ta fi shi jin magana. Duk surutunta na san shi. Na san tarinta na safe, na san kukan fambel, na san yadda salansa ke rawa in an hau tudu. Wannan daban ce. Daga ƙasa take fitowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana daka a gida na uku.

Muna gonar Malam Khalilu mai injin niƙa, surukin Mati, na ji ta. Na ɗaga wa Mati hannu ya tsaya. Na ce, "Kai ba ka jin abin da nake ji?" Ya ce, "Ina ji, Yaya. Gajiya ce." Wace irin gajiya, damina ko zama ba ta yi ba?

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Rabin garin nan sun sayar da shanun huɗarsu a rani don su sa abinci a baka, yanzu idon kowa yana kan Gwaggo. Gas sai a hannun 'yan bumburutu, taki kuwa sai dai ka ji labarinsa a rediyo. In ta kwanta a watan nan, mu ma mun kwanta.

Alhamis, 2 ga Yuni, da hantsi

Na ɗaure fambel, na bi notunan garma ɗaya bayan ɗaya, na cire murfin gefe ko shi ke kaɗawa. Ƙarar tana nan.

Juma'a, 3 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Na kai wa Baba maganar. A duk ƙasar Dawakin Tofa ba a yi mai kunnen Malam Yuguda ba, wannan ba don ubana ne na faɗa ba. Da can direbobi kan zo da motocinsu daga nesa don kawai ya saurara ya ce musu ga inda ciwon yake.

Ya ce a kawo masa ƙotar fartanya. Ya dafa kai ɗaya a jikin inji, ɗaya a bayan kunnensa, ya rufe ido. Ya fara daga sama, ya riƙa saukowa a hankali. Ina kallon fuskarsa, na ga yadda ta sake, kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa.

Ya ce, "Ba sama ba ne. Bawul lafiya, nozul lafiya. A ƙasa take, inda karanshaf ke kwanciya. Ko dai mai ba ya isa wurin, ko kuma man ba mai ba ne. Zaro geji."

Na zaro gejin da ake auna baƙin mai. Abin da ya fito a jikinsa ba baƙi ba ne. Fari-fari ne, da kumfa, kamar kunun gyaɗa. Baba ya lakato ya murza a yatsa, ya ce, "Ruwa."

Mati yana tsaye a bayanmu, bai matso ba, bai kuma tambayi abin da aka gani ba.

Da muka koma zaure Baba ya tambaye ni ko an yi ruwan shuka. Na ce an yi ranar Litinin, ai tare muka tsaya a nan muna kallo. Ya ce haka ne. Can an jima ya sake tambaya. Ya daɗe a tsaye cikin rana, gajiya ce.

Litinin, 6 ga Yuni, bayan magariba

Sama'ilu makanike ya zo daga Dawakin Tofa tun ranar Asabar. Ni da shi duk mun ɗauka gasket ne ya ƙone, ruwan lagireto mai sanyaya inji ke zubowa cikin mai. Da haka ne ma da na yi murna, don ciwo ne da aka san maganinsa. Ya buɗe kan inji, gasket garau. Ya duba ko jikin injin ya tsage, babu ko tabo. Ya cika lagireto ya yi masa alama, aka kwana, ruwan bai ragu ba.

Ya goge hannu ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam Basiru, ruwan nan ba daga cikinta yake ba. Daga waje ake kawo mata shi."

Na ce, "Wa zai kawo mata ruwa? Don me?"

Ya ce, "Ni dai ban ce kowa ba. Amma a yanzu da galan ɗin baƙin mai ya zama gwal, akwai direbobin da kan kwance notin ƙasa su tsiyaye rabi su kai kasuwa. Sai su cika da ruwa, don in maigida ya zaro geji ya ga a cike. Na gani a Kano, na gani a Bichi."

Na ce direbanmu ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Shi ya sa na ce ban ce kowa ba."

Ya wanke mata ciki, ya rufe, muka zuba sabon mai da na sha wuya kafin na samo. Ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ya ce in aka kiyaye ta za ta kai ƙarshen damina. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Talata, 7 ga Yuni, da hantsi



Bayan sallar asuba na taƙaita lazimi, na biyo ta bayan rumbuna. Sai na ga ƙafafun mutum a ƙarƙashin Gwaggo. Na leƙa. Mati ne, da sifana a hannu, da gwangwani a ƙarƙashin notin mai, abu yana tsiyaya a ciki. Man da muka zuba jiya jiyan nan.

Na yi ƙwallo da gwangwanin, ƙasa ta shanye abin da ke ciki. Ban tsaya dubawa ba, me zan duba? Na finciko shi ta ƙafa. Ban san abin da na riƙa faɗa ba, amma na san masu fitowa daga masallaci duk sun ji, don kafin in ankara an kewaye mu. Shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: "Yaya, ka rage murya. Don Allah ka rage murya." Ɓarawo ne ke ce mini in rage murya.

Baba ya sa aka shigo da mu zaure. Mutane suka tsaya a bakin ƙofa. Na faɗi abin da Sama'ilu ya ce, na faɗi abin da na gani. Baba ya ce, "Wanda ya zuba wa Gwaggo ruwa, ni ya zuba wa. Da ita na ciyar da ku, da ita na yi muku aure. Mati, kai ne?"

Mati ya ɗago ya dubi Baba. Ya daɗe yana dubansa, irin duban da ban gane ba. Sannan ya ce, "Ni ne, Baba."

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji Inna ta yi wani ɗan sauti, kamar wadda ta taka ƙaya.

Baba ya ce, "Ka bar mini gida."

Na zaci zan ji daɗi, gaskiyata ta fito. Ban ji ba. Tun muna yara Mati ko gyaɗar da ta faɗo daga buhun wani ba ya tsinta. Na rasa ta inda abin ya shigo masa.

Laraba, 8 ga Yuni, da rana

Mati ya tafi. Inna ba ta amsa gaisuwata ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Malam Khalilu ya aiko an tafi da Sauda, matar Mati. Cikin fari ne da ita, dama nan gaba kaɗan za ta je gida goyon ciki, amma ba haka aka yi maganar ba. Ya ce jikansa ba zai tashi ana nuna shi ana cewa ɗan wane ne ba. Matata Larai ta ce Sauda ta fita tana waiwaye, ba ta ɗauki komai ba sai zani biyu.

Ni nake tuƙa Gwaggo yanzu. Huɗata ba ta miƙe kamar ta Mati ba, masu gona suna kallo suna haɗiye magana. Wani tsoho ya ce mini kunyoyin nan nawa sun yi kyau, sai dai macijin da na bi sawunsa ya sha giya. Na yi dariya don dole.

Asabar, 11 ga Yuni, bayan azahar

Ƙarar ta dawo, ta fi da. Na zaro geji. Kunun gyaɗa.

Ragowar na da ne da bai wanku ba. Dole haka ne.

Da safe Inna ta aiki Larai ta neme ni a gona. An ga Baba a bakin titi, ya sa tsohon kakinsa, wai yana jiran motar gidan gona ta zo ta ɗauke shi aiki. Gidan gonar nan ya daɗe da zama kango. Da na isa ya dube ni ya yi dariya, ya ce wasa yake yi, yana so ya ga ko kakin zai shige shi. Muka dawo tare. Maganar Mati ce ta taɓa shi. Gajiya ce.

Litinin, 13 ga Yuni, bayan magariba

Ta buga.

A tsakiyar gonar mutane, rana tsaka. Ƙwas-ƙwas ɗin ta koma gwaf-gwaf, na ji kamar ana dukan ƙirjina da guduma, kafin in kai hannu in kashe ta ta mutu da kanta. Da shanun aro aka jawo ta har ƙofar gida, yara na biye suna waƙa. Masu jiran huɗa sun zo sun tsaya, babu wanda ya ce komai. Da ma sun zage ni.

Na zaro geji. Ya wuce alamar cika nesa ba kusa ba. Mai ba ya haihuwa. Wannan ba ragowa ba ne, sabon ruwa ne, kuma mai yawa.

Mati ba ya garin nan tun makon jiya. An gan shi a kasuwar Dawanau.

Mati ba ya garin nan.

Gobe zan yi sallata a ɗaki, in ɓuya a bayan rumbu da gora. Ko ma wane ne, sai na fasa masa kai.

Talata, 14 ga Yuni, da safe

Na yi kwanton. Na ga wanda na gani.

Talata, bayan la'asar

Na je gona na zauna a ƙarƙashin ɗorawa. Ban yi aikin komai ba.

Laraba, 15 ga Yuni, da hantsi

In ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Tun ina yaro, in Baba ya dawo daga sallar asuba, kafin ya gaisa da kowa sai ya je wurin Gwaggo da ragowar ruwan butarsa ya ƙara mata a lagireto. Kowa ya san wannan. Mun saba da shi har mun daina ganinsa, kamar yadda ba ka ganin bangon ɗakinka. Ko da nake laɓe jiya na hango shi tafe da buta, tunanina shi ne ya yi sauri ya wuce kada ya kore mini ɓarawo.

Murfin lagireto a gaba yake. Murfin baƙin mai a gefe yake. Shi ya koya mini wannan, ya ɗora ni a kan taya ina ɗan mitsitsi ya nuna mini.

Ya zo gabanta ya tsaya. Ya dafa ta, ya yi jim kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Sai ya zagaya gefe. Ya yi bisimilla, ya buɗe, ya juye butar nan duka. Ya rufe, ya goge murfin da hannun rigarsa, ya bubbuga ta ya ce, "Sha, Gwaggo."

Ban san lokacin da na fito ba. Ya gan ni ya yi murmushi. Ya ce, "Kullum ka riƙa duba ruwa kafin ka tayar. Inji ba ya son ƙishirwa."

Na ce, "To, Baba." Gorar tana bayana, na riƙe ta da hannu biyu.

Laraba, bayan azahar

Na sami Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, na ga Baba jiya da buta." Hannunta ya tsaya. Ba ta tambaye ni me na gani ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin babbar Sallah. Ƙaninka ne ya fara lura."

Na ce, "Kuka ɓoye mini? Ni ne babba a gidan nan."

Ta dube ni sosai, karo na farko tun da Mati ya tafi. Ta ce, "Kai? Da wannan bakin naka? Da ka ji da safe, da kasuwa ta ji kafin azahar. Ba ga shi mun gani ba?"

Ta ci gaba da tankaɗenta tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce mahaifinku mutum ne da ake kawo wa rikicin iyakar gona ya raba, in liman ba ya nan shi ke jan salla. Kana so a wayi gari yara na bin sa suna tambayarsa sunansa don su yi dariya? Ta ce wani lokaci da rana yakan tambaye ta ina mahaifiyarsa ta shiga, sai ta ce masa ta je unguwa.

Na ce, "To Mati fa, Inna?"

Sai ta kifa rariyar a kan fuskarta.

Asabar, 18 ga Yuni, bayan magariba

Mun sayar da san da muke kiwo. Sama'ilu ya sauke inji ya tafi da karanshaf Kano. Ya tambaye ni ko an gano mai zuba ruwan, na ce ana kan nema.

Daga nan na wuce Dawanau. Na sha yawo a layin 'yan wake da na 'yan dawa kafin na same shi. Dako yake yi. Na tsaya ina kallon ƙanina da buhu a wuya yana hawa katako zuwa bayan tirela. Ya rame, ya aske kansa tal, wuyan ya saɓule. Da ya gan ni ya sauke buhun ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, kamar ba ni ne na ja shi a ƙasa a gaban mutane ba. Na so ƙasa ta tsage.

Muka zauna a bayan wata rumfa. Na ce, "Na gani." Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me kake yi a ƙarƙashinta ran nan?"

Ya ce, "Ruwa ya fi mai nauyi, Yaya. In ya zuba injin yana sanyi, ƙasa yake kwanciya. In na sassauta noti kafin a tayar, ruwan ne ke fara fitowa, da na ga baƙi sai in ɗaure. Ba ya fita duka, shi ya sa ta fara ƙara. Na taɓa ɗaure murfin da waya, ya ɗauko filaya ya kwance, ya yi ta faɗa wai wa ke taɓa masa mota."

Na ce, "Da ya tambaye ka a zaure, me ya sa ka amsa?"

Ya ce, "To in ce wa? Mutane na bakin ƙofa."

Na faɗa masa an tafi da Sauda, kuma ana raɗe-raɗin Malam Khalilu zai nemi a sawwaƙe mata. Ya ɗauki wani tsinke yana karyawa ƙanana-ƙanana. Ya tambaye ni ko tana cin abinci. Na ce ban sani ba. Na ce zan je in faɗa wa Malam Khalilu gaskiya, shi kaɗai.

Ya ce, "Babu shi kaɗai a garinmu. Injin niƙa gare shi, duk matan gari a ƙofarsa suke yini. Yaya, ni yaro ne, ina da shekarun da zan wanke sunana. Shi fa? Ka bar shi ya ƙarasa da mutuncinsa. Ka yi mini alkawari."

Na ce to. Ban rantse ba.

Talata, 21 ga Yuni, da rana

Yanzu duk akuyar da ta ɓata a garin nan tun bara, Mati ne. Wani ma ya tuna cewa tun yana ƙarami ya ga alamar a idonsa. A gabana ake faɗa, don a faranta mini rai.

Alhamis, 23 ga Yuni, bayan la'asar

Baba ya tambayi Inna wace ce baƙuwar da ke kawo masa abinci. Larai ce. Shekarunta nawa a gidan nan.

Ba zan ƙara rubuta cewa gajiya ce ba.

Lahadi, 26 ga Yuni, da hantsi

Sama'ilu ya haɗa inji jiya. Ta tashi, muryarta sumul. Baba ya sa ƙotar fartanya ya saurara, ya ce akwai noti ɗaya da bai ɗauru ba a gefen famfon gas. Sama'ilu ya duba, haka ne. Kunnen yana nan yadda yake. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, yadda wani abu ya tafi wani ya zauna.

Na samo dabara. In mun fito daga masallaci sai in riga shi isa, in buɗe murfin lagireto in tsaya a gefen na mai in tare da jikina. In ce, "Baba, ga shi na buɗe muku." Sai ya zuba a inda ya dace, ya sa mini albarka. Yau ya ce ashe na fara hankali.

Talata, 28 ga Yuni, bayan magariba

Malam Khalilu ya aiko. Ranar Juma'a bayan sallar asuba zai zo ƙofar gidanmu da liman da dattawa, a kira Mati ya saki 'yarsa a gabansu, kowa ya huta. Na aika wa Mati. Ya ce zai zo.

Larai ta je ta ga Sauda. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta barci. Ta riƙe hannun Larai ta ce, "Ki ce wa Yaya Basiru, shi ya gani da idonsa. In ya ce mijina ɓarawo ne zan haƙura. Amma ya faɗa mini da bakinsa."

Larai ta tsaya tana jiran amsar da za ta kai. Na ce mata ruwan wankana ya huce.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Gobe. In na yi magana na tsiraita ubana. In na yi shiru na kashe wa ƙanina aure, kuma ɗansa zai tashi da sunan da ni na raɗa wa ubansa. Na yi huɗar gonaki tun safe, ban san ko na wa ne ba.

Juma'a, 1 ga Yuli, bayan azahar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, daura da Gwaggo. Liman ya zauna, Malam Khalilu da ƙannensa, da dattawan unguwa. Mati ya iso daga tasha ya zauna a gefena daga bakin tabarma, kansa a ƙasa. Baba yana kan buzunsa da farar riga, butarsa a gefe, kwarjininsa kamar kullum.

Liman ya yi addu'a. Malam Khalilu ya fara magana, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce shi da Malam Yuguda ba su taɓa sa-in-sa ba, amma wanda ya iya cutar ubansa a kan baƙin mai, me zai hana ya cuci 'yar wani? Baba yana gyaɗa kai yana cewa, "Kuna da gaskiya, Malam. Kuna da gaskiya."

Ana cikin haka sai idonsa ya faɗa kan butar. Ya ɗauke ta ya miƙe. Ya ce, "Ku yi mini haƙuri kaɗan, ban ba Gwaggo ruwa ba."

Taku kaɗan ne tsakanina da ita. Na san abin da zan yi, kullum ina yi. In tashi, in riga shi, in ce ga shi na buɗe muku.

Ban tashi ba.

Mati ya yunƙura. Na damƙe gefen rigarsa na danne a ƙasa da gwiwata. Ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, "Yaya, ka yi alkawari." Ban sake shi ba. Ya ja har na ji rigar ta fara yagewa, ban sake shi ba.

Baba ya tsaya a gabanta ya yi jim. A raina ina roƙon Allah, kuma har yanzu ban san wanne daga cikin biyun na roƙa ba. Sai ya zagaya gefe. Ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya buɗe murfin mai, ya fara zubawa. Wurin ya yi tsit, ana jin ƙarar ruwan yana sauka cikin inji.

Malam Khalilu ya fi kowa sanin wane murfi ne wannan, da inji yake cin abinci. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya dubi Baba, ya dubi Mati, ya dubi hannuna a kan rigar Mati. Ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Liman ya ce innalillahi can ƙasan maƙoshi. Babu wanda ya ce a tsaya, babu wanda ya tashi. Dattawan nan duka suka sa ido a ƙasa, suka bar shi ya juye butar har ƙarshe.

Ya juyo yana murmushi ya ce, "Haka ake yi. Yaran yanzu sai dai su hau su murza makulli."

Malam Khalilu ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara girma." Sannan ya dubi liman ya ce, "Maganar da ta kawo mu babu ita. Yarinya za ta koma ɗakinta yau."

Na saki rigar. Mati bai dube ni ba. Ya tashi ya je wurin Baba, ya rusuna ya karɓi butar da hannu biyu, ya ɗauki murfin ya rufe masa. Hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Baba ya ƙura masa ido, ya dafa kafaɗarsa. Ya waiwayo wurina ya ce, "Yaron nan da ladabi yake. Ɗan gidan wa ne? Irin wannan za ka nemo wa Gwaggo, ba wancan ɓarawon ba."

Mati ne ya amsa masa.

Ya ce, "To, Baba. Za a nemo."